Gas ko lantarki: da wanne za ka riƙa dafa ruwa a mota mai ɗaki?

Wani ƙanena da ke zaune a Hamburg ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda Jamusawa ke kira Wohnmobil: gado a baya, ɗan kicin a tsakiya, banɗaki kamar akwati. Kafin ya yi tafiyar farko da iyali sai ya bugo mini waya da daddare. "Yaya, na ga mutane suna cire gas ɗungurungum suna sa batir da inbata. Ni ma in bi sahu?" Na ce masa me za ka riƙa dafawa? Ya lissafo: shayin safe, madarar jinjiri, taliyar yara, sai ruwan ɗumi na alwala idan sanyi ya matsa. Na ce ashe duk maganar ta buta ce. Abin da na gaya masa a daren shi na faɗaɗa a nan, don na lura duk wanda ya sayi irin wannan mota a Turai sai ya tsaya a wannan mararrabar.

Abin da za a auna

Tambayar farko ba ta buta ba ce, ta wurin kwana ce. Akwai mai yada zango a inda ake biyan kuɗi, a ba shi fili da turken wuta ya jona motarsa. Akwai mai kwana a bakin tafki ko gefen gona, inda babu ko fitilar titi. Waɗannan biyun ba amsa ɗaya gare su ba, kuma yawancin musun da ake yi kan gas da lantarki, kowa wurin kwanansa yake karewa bai sani ba.

Bayan wannan sai kuɗi, shi kuma kashi biyu ne: abin da za ka kashe ka kafa, da abin da kowace lita za ta riƙa ci. Sai sauri da sauƙin aiki, sai ƙarko, sai nauyi, tun da lasisin ƙaramar mota a Turai iyakarsa kilo 3,500 ne, kuma galibin motocin nan da kayansu da ruwansu da mutanensu suna gab da wannan iyaka. Na ƙarshe haɗari.

Adadi ɗaya nake so ka riƙe, don a kansa duk lissafin ya rataya. Ka ɗebo lita ɗaya daga tanki tana kan digiri 15, ka kai ta tafasa a digiri 100, zafin da ya shiga ruwan kusan kashi ɗaya cikin goma ne na yunit, wato yunit ɗin nan na mitar wuta, kilowat ɗaya na tsawon awa. Ko da itace ka dafa, ko da gas, ko da batir, ruwan abin da zai sha ke nan. Bambancin hanyoyin yana cikin abin da ke salwanta kafin ya kai ga ruwan, da kuma inda aka ɗebo ƙarfin. Iyali mai mutum huɗu ko biyar, a gwajina, lita huɗu na ishe su a yini, da ita zan yi lissafi.

Gas

Kusan duk mota mai ɗaki da murhunta take fitowa daga kamfani, mai baki biyu ko uku, da ma'ajin tukunyar gas a gefe. Don haka kuɗin farawa na buta ne kawai, irin ta ƙarfe mai busa usur idan ta tafasa, wadda ba ta fi kuɗin abincin rana ɗaya ba. Ƙaramar tukunyar miya da murfi ma ta wadatar.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da kimanin yunit 13. Sai dai harshen wuta mai ɓarna ne: kusan rabin zafin yana bi ta gefen buta ya tafi ya ɗumama ɗaki. Da wannan asarar, lita ɗaya na cin giram 15 zuwa 20. Tukunyar Jamus mai kilo 11 za ta tafasa maka sama da lita 500, wato shayin fiye da wata huɗu. A ce ka canza ta a kan Yuro 25, kowace lita ta tsaya maka santi huɗu ko biyar (santi ɗari ne Yuro ɗaya). Masu kukan cewa gas ba ya daɗewa, su duba wani wuri. Firjin da ke aiki da gas yana shan kusan giram 300 a yini, ninki huɗu na abin da buta ke sha, na'urar ɗumama ɗaki kuwa a tsakiyar hunturu tana iya lashe tukunya guda cikin kwana uku zuwa biyar. Buta ba ta da laifi a nan.

Lita ɗaya kan ɗauki minti shida zuwa tara, gwargwadon girman bakin murhun. Buta mai faɗin gindi ta fi siririya kama wuta. Kada ka buɗe gas har harshen ya zarce gindin butar yana lasar gefe, wannan hannun buta kawai kake gasawa.

Wahalar gas tana wurin saye ne idan ka tsallaka iyaka. Kowace ƙasa da tukunyarta da irin bakinta. Tukunyar Jamus mai ruwan toka ba a karɓarta a Faransa, ta Calor da ake amfani da ita a Birtaniya ba wanda zai canza maka ita a Spain. Hanyoyin fita biyu ne. Ɗaya ita ce shuɗiyar tukunyar Campingaz 907, mai kilo 2.75, wadda ake samu a ƙasashe da yawa, amma idan ka raba kuɗinta da kilo za ka ga ya ninka na babbar tukunya sau da yawa. Ɗayar kuma a kafa maka tukunyar da ake cikawa a gidan mai, irin ta Gaslow ko Alugas, mai tsayawa da kanta idan ta kai kashi 80 cikin ɗari. Ita ma sai ka riƙe adafta, don bakin famfon gas ɗin Jamus da Beljiyam daban, na Faransa da Italiya daban, na Birtaniya da Holan daban, na Spain ma daban. Ƙaramar jaka ce mai ƙarfe huɗu, amma ranar da ka manta ta a gida za ka san darajarta.

Sai maganar iri. Gas ɗin tukunya kala biyu ne, butan da furofen. Butan yana daina tashi ya zama iska idan sanyi ya kusa digiri sifili, sai ka girgiza tukunya ka ji ta cike amma murhu ya ƙi kamawa. Furofen kuwa sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili yake yin haka. A Birtaniya shuɗiyar tukunya butan ce, ja kuma furofen. Campingaz ɗin da na ambata butan ce, don haka ba abokiyar tafiyar Disamba ba ce. Mai fita daga Oktoba zuwa Maris, furofen kawai.

Ƙarko ba abin da ya kama ƙafar gas. Butar ƙarfe sai ka gaji da ita ka bayar. Murhun kan kai shekarun motar. Abin da ke tsufa shi ne tiyon roba da regileta, waɗanda a Jamus ake canzawa bayan shekara goma, kuma akwai binciken gas da suke kira G 607 duk shekara biyu.

Haɗarinsa kuwa ba na wasa ba ne, kuma kashi uku ne. Na farko yoyo. Gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, shi ya sa aka huda ƙasan ma'ajin tukunya. Na sha ganin wanda ya cusa takalma da igiya a ma'ajin har ya toshe hudar. Na biyu iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai mai kashe mutanen da suka kwana da janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. Lafiyayyen harshen gas shuɗi ne. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin buta, akwai matsala. Ka buɗe tagar rufi kaɗan duk sanda ka kunna, ka sa na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska, kuma komai sanyi kada ka bar murhu a kunne don ɗumama ɗaki. Na uku wutar kanta. Kicin ɗin taku biyu ne, labule na kusa, yara na giftawa, ga mayafi da faffaɗan hannun riga. Murfin gilashin da ke kan murhu ma yana iya tarwatsewa idan aka rufe shi bakin murhun bai huce ba.

Ana yawan cewa gas na jiƙa mota da laima. Gaskiya ne kowane kilo na furofen idan ya ƙone yana fitar da ruwa kusan kilo 1.6, amma giram 20 na shayi cokali biyu ne na ruwa. Tururin butar da aka bari tana ta ihu ba a sauke ba ya fi shi jiƙa taga. A jirgin fito da jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Folkestone da Calais dole ka rufe tukunya, a gidan mai ma ba a kunna wuta.

Lantarkin zango

Idan ka yada zango inda ake da wuta, za a nuna maka turke mai shuɗin soket mai ƙafa uku, ka ja doguwar wayarka ka jona, soket-soket ɗin cikin mota su samu volt 230 kamar na gida. Butar lantarki ta fi gas tattali nesa ba kusa ba, don ƙarfen da ke zafi yana jikin ruwan: kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wutar ruwa ne ke shanye ta. Lita ɗaya yunit 0.12 ke nan. Inda aka haɗa kuɗin wuta cikin kuɗin fili, ka riga ka biya, kunna gas a wurin asara ce. Inda ake jefa sulalla a turke, a ce santi 60 kowane yunit, lita za ta ci santi bakwai, ɗan sama da gas kaɗan. Bambancin santi biyu bai isa a tayar da jijiyar wuya a kansa ba.

Tarkon yana cikin ƙarfin turken. Kowane turke da iyakar amfiyar da yake bayarwa, ka ninka ta da 230 ka samu wat ɗin da ke hannunka. Amfiya 16, wadda ta fi yawa a manyan zangunan Birtaniya, wat 3,680 ce. Amfiya 10 wat 2,300. Amfiya 6, wadda za ka yi ta cin karo da ita a Faransa da Italiya, wat 1,380 kacal, akwai ma wuraren da ba su kai haka ba. Butar gida ta Jamus wat 2,000 zuwa 2,200 take ja, ta Birtaniya har 3,000. Kuma ba ita kaɗai ke kan layin ba: firji na jan wat ɗari da wani abu, cajar batir na jan nata, idan tukunyar ruwan wanka na kan lantarki ita kaɗai wat 900 ko 1,800 ce.

Ni jiki ne ya gaya mini. Wata asuba a wani zango a arewacin Italiya na tashi sallah, na jona butar gida da uwargida ta ɗauko daga kicin. Ko minti ɗaya ba a yi ba wuta ta ɗauke. Na fita da tocila cikin raɓa, na tarar akwatin turken a kulle da kwaɗo, ofis kuma sai ƙarfe takwas. A kan gas aka dafa shayin ranar, firji ma a kansa ya ƙarasa daren. Tun daga nan butar da ke motata mai wat 900 ce. Tana ɗaukar minti bakwai zuwa takwas kan lita, kusan daidai da gas, yayin da babbar ke gamawa cikin uku da rabi, amma ba ta taɓa kayar mini da turke ba. Idan za ka saya, juya gindinta ka karanta wat ɗin, ka nemi tsakanin 750 da 1,000.

Wajen sauƙi ita ce sarauniya. Ka danna, ka tafi ka yi alwala, ta kashe kanta. Babu harshen wuta, babu iska mai guba, ba sai ka buɗe taga cikin sanyi ba. Mai jinjiri da ke tashi ƙarfe uku na dare cikin magagi, wannan kashe kai da kai da butar ke yi ya fi komai muhimmanci gare shi. Haɗarinta kaɗan ne amma akwai: yaro ya ja waya ruwan zafi ya kwaro, don haka a tura ta can jikin bango. Wayar waje kuma a warware ta gaba ɗaya daga abin naɗinta, don naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi idan ana jan wuta da yawa.

Ba ta kai butar ƙarfe rai ba, 'yan shekaru ne ta mutu a sayi wata, sai dai arha gare ta. A wuraren da ruwa ke da farar ƙasa, kamar kudu maso gabashin Ingila, farin ɓawo na taruwa a cikinta ya rage mata sauri. Ruwan lemun tsami ko ruwan khal a tafasa a ɗauraye, shi ke nan.

Batir da inbata

Nan ne ƙanena ya nufa, nan ne kuma kuɗi ke zurarewa. Manufar ita ce ka kunna butar lantarki a daji, batirin ɗaki mai volt 12, wato wanda ke ba fitilu da famfon ɗakin wuta ba na tayar da inji ba, ya ba inbata, inbata ta mayar da shi 230. Yana aiki, amma dubi lissafin. Buta mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 90 daga batir, mai wat 2,000 kuwa sama da 180. Wannan ba wutar da za a bi da ita ta siririyar waya ba ce, sai kebul mai kaurin yatsa, gajere, da babban fis dab da batir. Idan aka haɗa da asarar inbata, kowace lita tana cin kimanin Ah 10 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) daga cikin adadin da aka rubuta a jikin batirin. Lita huɗu Ah 40.

Batirin darma da yawancin tsofaffin motoci ke zuwa da shi, idan an rubuta Ah 100, rabi kawai za ka taɓa in kana so ya yi rai. Ah 50 ke nan, shayi ya kwashe 40, saura 10 ga fitilu da famfon ruwa da cajin waya da fankar na'urar ɗumama ɗaki. Ƙari a kan haka batirin darma ba ya son a zuƙe shi da ƙarfi lokaci guda: volt ɗinsa na faɗuwa, inbata ta yi ƙara ta mutu ruwa bai tafasa ba. Wanda ya nace, zai canza batir kafin lokacinsa. An sayar da kare an sayi biri.

Batirin litiyam irin LiFePO4 shi ne ya sa wannan hanya ta zama abin yi. Mai Ah 100 nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, kusan rabin na darma, yana ba ka kusan duk abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai inda na darma ke ƙarewa a ɗaruruwa. Amma shi ma da sharuɗɗansa. Akwai na'urar tsaro a cikinsa wadda a yawancin masu Ah 100 take yanke wuta idan an wuce amfiya 100, don haka ƙaramar buta ce kawai zai ɗauka, babba sai batir biyu. Ba a kuma yi masa caji idan sanyinsa ya sauka ƙasa da sifili, sai dai mai abin ɗumama kansa.

Sannan abin da ka zuƙa sai ka mayar. A nan ne mu da muka saba da solar gida muke ruɗuwa. A Kano ko Maraɗi rana ba ta saɓa alkawari. A arewacin Turai farantin sola mai wat 100 zai iya ba ka Ah 30 zuwa 40 a kyakkyawan yinin Yuni, wato shayin yini guda cif. A Disamba kuwa yinin Hamburg bai kai awa takwas ba, ranar tana can ƙasa-ƙasa bayan gajimare, farantin kwance a kan rufi. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Lokacin da ka fi buƙatar ruwan zafi shi ne lokacin da sola ta fi rowa. Abin da ke ceto shi ne tuƙi: cajar da ke ɗebo wuta daga injin mota, mai amfiya 30, tana mayar da wutar dafa lita uku a kowace awa ta tafiya. Mai sauya wuri kullum zai ji daɗi, mai zama kwana huɗu a bakin tafki ɗaya zai koma neman ashana.

Kuɗin kafawa fa? Batirin litiyam, inbata mai tsaftatacciyar wuta, cajar inji, kebul, fis, ladan mai haɗawa, da wuya ka tsira ƙasa da Yuro 1,000, sau da yawa ma ya zarce. A ce wutar kyauta ce daga nan, abin da kake tsimi santi biyar ne a lita. Sai ka tafasa lita 20,000 kafin kuɗinka ya dawo, wato lita huɗu kullum ba fashi na sama da shekara 13. Ba wanda ke zaune a motarsa haka sai wanda ya mayar da ita gida.

Ban ce hanyar banza ce ba. Wanda ke gina motarsa daga fanko, ya sa firji mai kwamfuresa, na'urar ɗumama ɗaki mai shan dizal, murhun lantarki irin mai maganaɗisu, da batir Ah 200 ko 300, ya rabu da tukunya da adafta da binciken gas gaba ɗaya, kuma wannan hutu ne na gaske. A wurinsa buta ƙari ce a kan abin da ya riga ya gina don wasu dalilai. Haɗarinsa kuma ya koma wani wuri ne, bai ɓace ba: mahaɗar kebul ɗaya da ba a ɗaure da kyau ba, ga amfiya 100 na bi ta cikinta a ƙarƙashin kujera, ta isa ta tayar da gobara. Wannan ba aikin koyo a waya ba ne.

Butar soket ɗin gaban mota

Ana sayar da ƙaramar buta mai shiga soket ɗin volt 12 na gaban direba. Soket ɗin wat 120 zuwa 180 yake iya bayarwa, don haka lita ɗaya sai ta haura minti 40, filogin kuma ya yi zafi. Kofi ɗaya ga direba inji na tafiya, to. Ga iyali, a'a.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin lita | Lokacin lita | Ƙarko | Babban haɗari | Inda take aiki |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gas | Kuɗin buta | Santi 4 zuwa 5 | Minti 6 zuwa 9 | Mai yawa | Yoyo, iska mai guba, harshen wuta | Ko'ina, ban da jirgi da gidan mai |
| Ƙaramar butar lantarki a zango | Kuɗin buta | Kyauta ko kusan santi 7 | Minti 7 zuwa 9 | 'Yan shekaru | Ƙuna da ruwan zafi | Inda ake da turke |
| Butar gida a zango | Babu | Haka nan | Minti 2 zuwa 4 | 'Yan shekaru | Kayar da wutar turke | Turke mai amfiya 16 |
| Litiyam da inbata | Yuro 1,000 zuwa sama | Kusan kyauta | Minti 7 zuwa 9 | Mai yawa in an kula | Zafin kebul | Ko'ina, in akwai rana ko tuƙi |
| Butar volt 12 | Kaɗan | Kusan kyauta | Sama da minti 40 | Kaɗan | Zafin filogi | Inji na aiki |

Kuɗin lita a jadawalin daga misalan farashin da na ɗauka a sama ne, ka sa na garinku ka sake lissafi.

Abu biyu ba su shiga jadawali ba, kuma suna rage aikin kowace hanya. Na farko filas, wanda babu gidan Bahaushe da ba shi. Ka tafasa sau ɗaya da safe kafin ka cire waya daga turke, ka cika babban filas, shayin hanya da na la'asar sun samu ba tare da ka kunna komai ba. Ga madarar jinjiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa garin da ruwan da aka tafasa wanda bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, don haka ruwan filas da ya wuni a sake tafasa shi. Na biyu, ruwan alwala ba ya buƙatar tafasa. Lita ɗaya tafasasshiya a sirka da uku masu sanyin digiri 10 ta ba ka lita huɗu masu ɗumin digiri 32, sun ishi gida duka. Idan motarka na da tukunyar ruwan zafi irin Truma Combi mai lita 10, wadda wasu nau'o'inta ke aiki da gas ko lantarki, famfo ma ya wadatar. Ruwanta dai na wanka da wanke-wanke ne, ba na shayi ba.

Wa ya dace da wanne

Idan hutunka na bazara ne, mako biyu ko uku, daga zango mai wuta zuwa wani, sayi butar lantarki mai wat 900 ka bar gas don tsayuwar hanya. Mai yara ƙanana ma haka, saboda rashin harshen wuta.

Idan kai mai kwanan daji ne da batirin darma ɗaya, gas ne naka, kada ka bari wani ya sayar maka da inbata don shayi. Abin da za ka kashe a can, sa kaɗan daga ciki a ƙararrawar iska mai guba da sabon tiyo.

Mai fita da hunturu, furofen, tukunya biyu, ƙaramar butar lantarki kuma a duk inda ya samu turke don ya bar gas ga ɗumama ɗaki. Mai ratsa ƙasashe na watanni, tukunyar da ake cikawa a gidan mai da jakar adafta. Mai gina motar da zai zauna a ciki shekara da shekaru, yana aiki da kwamfuta, yana tuƙi kusan kullum, shi ne litiyam zai yi wa rana, shi ma zan so ya ɓoye ƙaramin murhun gas na hannu don makon da gajimare ya ƙi yayewa, ya riƙa kunna shi a waje.

Ƙanena dai bai cire gas ɗinsa ba. Ya sayi ƙaramar buta da filas mai lita biyu, ya kai motar aka yi mata binciken gas, aka canza tiyon da ya girmi babban ɗansa. Da zai tashi na sa ya ƙara kwalin ashana a aljihun kicin, don abin tartsatsin da ke kunna murhunsa da batirin ɗaki yake aiki, ranar da batir ya mutu shi ma shiru zai yi.